RA'AYINMU: Iyakar da Ba Ta Tare Kowa Sai Talaka

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mamallakin gabas da yamma, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa su yi tafiya a cikinta su nemi falalarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda danginsa suka fitar da shi daga mahaifarsa, wasu mutanen dabam suka karɓe shi suka taimake shi, da alayensa da sahabbansa, Muhajirai da Ansaru, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san birnin Katsina ya san Ƙofar 'Yandaka, ƙofar da ke duban yamma. Ta wannan ƙofa ce Gwamna Lugga ya shigo birnin a shekarar 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, a zamanin Sarkin Katsina Abubakar. Shi wannan baƙo bai nuna wa kowa fasfo ba, bai kuma nemi biza ba, bindiga ita ce takardar izninsa. Ba a daɗe da shigowarsa ba, wato tsakanin 1906 da 1908, sai wakilan Ingila da Faransa, Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, suka bi daji suna kakkafa alamu tun daga Kogin Kwara har zuwa Tafkin Cadi, suka shata wani layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Tun daga lokacin Katsina ta tabbata a hannun Ingilishi, Maraɗi kuma a hannun Faransa, ba tare da an shawarci malami ko manomi ko bafatake ko ɗaya ba.

Alhali kuwa kowa ya san cewa Maraɗi Katsina ce ta haife ta. Lokacin da mujahidai suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kawar arewa ya nufa, bayan wasu shekaru kuma ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. An yi yaƙe-yaƙe tsakanin ɓangarorin biyu kusan tsawon ƙarni guda, amma duk da haka auratayya da fatauci da almajirci ba su taɓa yankewa ba. Tsakanin biranen biyu bai cika kilomita 100 ba. Wanda ya tsaya a wannan gefe na gari da hantsi, inda motocin Batsari da Jibiya ke lodi, zai ga mai zuwa ta'aziyya Madarumfa, da mai kai ɗansa makarantar allo, da tsohuwar da ta zo ganin likita za ta koma Ɗan Isa, da ɗan ci-rani mai ga-ruwa ko mai shayi da zai aika wa iyalinsa ɗan abin da ya tara. Harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan wata shi ne, mun lura cewa duk sa'ad da kakar siyasa ta gabato, ko rayuwa ta yi tsanani, sai a ta da zancen baƙi da kan iyaka. Mun duba tarihin wannan zance na fiye da shekaru hamsin, sai muka iske abubuwa biyu waɗanda ba su canzawa ko wace jam'iyya ce ke kan mulki. Na ɗaya, 'yan siyasa kan mai da baƙo ɗan'uwa idan suna bukatarsa, su mai da shi abokin gaba idan suna neman wanda za su jingina wa gazawarsu. Na biyu, duk lokacin da aka garƙame iyaka, talaka ake garƙame wa, mai ƙarfi kuwa ba ya rasa ƙofa. Akwai kuma na uku, wanda ya fi ɗaci, domin mu kanmu ya shafa: hukuncin da muke yanke wa waɗannan matakai yakan canza gwargwadon ko namu ne ke kan kujera ko ba namu ba.

Bari mu bi tarihin daki-daki. A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Kofi Busia a Gana, da ta ga tattalin arziki ya taɓarɓare, sai ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su fice. Cikin waɗanda aka kora har da Hausawan zango waɗanda kakanninsu suka je can fataucin goro tun kafin a san wata ƙasa mai suna Gana. Mun yi kuka a lokacin, mun ce an zalunce mu. Bayan shekaru goma sha uku da 'yan watanni, a ranar 17 ga Janairu 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta jam'iyyar NPN ta yi wa baƙi irin wannan sanarwa, ita ma da wa'adin mako biyu. Kuɗin man fetur ya faɗi, ayyuka sun yi ƙaranci, tarzomar Maitatsine ta watan Disamba 1980 a Kano ta bar wa jama'a tsoron baƙi, ga kuma zaɓe yana tafe a watan Agusta. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 2 suka fice, mafi yawansu 'yan Gana, tare da ɗimbin 'yan Nijar da Cadi da Kamaru. Wannan kuwa ya faru ne shekaru huɗu kacal bayan Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ƙasar 'yar'uwarta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. An kori baƙi, amma tattalin arzikin bai farfaɗo ba, kuma kafin shekarar ta ƙare sojoji sun kifar da gwamnatin.

Kafin wannan ma, an nuna mana cewa kalmar “baƙo” makami ce da ake iya sara da ita ko da a kan ɗan ƙasa. A watan Janairu na 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar adawa ta GNPP, aka tsallakar da shi zuwa Cadi bisa da'awar wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa. To, idan ana iya yi wa shugaban masu rinjaye haka saboda saɓanin jam'iyya, ina ga mai turin baro wanda ba shi da lauya, ba shi da takardar haihuwa?

Sojojin da suka karɓi mulki ba su sauya hanya ba. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a 1985 kuma aka sake korar dubban ɗaruruwan baƙi, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 1986 a zamanin Janar Babangida. Wannan rufewa ta zo daidai da wani matsanancin fari a Nijar, ƙasar da ta saba cike giɓin cimakarta da hatsin kasuwanninmu. Saboda tsananin abin da suka gani, har yau mutanen Maraɗi da Damagaram suna kiran yunwar wannan shekara da suna El-Buhari. Shugaba Buhari ya rasu a watan Yuli na 2025, muna roƙon Allah Ya gafarta masa, kuma ba mu ambaci wannan don cin zarafin mamaci ba. Mun ambata ne domin a gane cewa umarnin da ake sa wa hannu a ofis cikin minti ɗaya yana iya zama sunan yunwa a bakin jikokin wasu.

Sai mu gangaro zamaninmu. A ƙarshen watan Janairu na 2019, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, gwamnonin Maraɗi da Damagaram sun halarci gangamin jam'iyyar APC a Kano. Jam'iyyar PDP ta yi ca, ta ce ana shirin shigo da baƙi su yi zaɓe, magoya bayan APC kuwa suka ce ai zumunci ne, mu da su duk ɗaya muke. Ba a cika wata bakwai ba, a ranar 20 ga Agusta 2019, gwamnatin da ta yi maraba da waɗancan baƙi ta rufe iyakokin tudu. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai man fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. A watan Disamba na 2020 aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum, amma ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022, wato ta yi shekaru biyu da wata takwas a rufe. A cikin wannan tsakani ne kuma, a watan Fabrairu na 2021, aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, inda wasu 'yan adawa suka yi ta cewa ana kashe kuɗin Nijeriya don a faranta wa 'yan Nijar. Ka ga ke nan mutumin Maraɗi ya zama ɗan'uwa a filin gangami, ya zama ɗan fasa-ƙwauri a bakin iyaka, ya zama abin gori a shafukan jaridu, duk a cikin shekaru biyu, shi kuwa yana nan yadda yake bai canza ba.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa gwamnati ta kawo dalilanta. Ta ce tana son a noma shinkafa a gida, a daina sace man da ake biya wa tallafi, a kuma toshe hanyar shigo da makamai. Waɗannan manufofi ne masu kyau, kuma ba mu musun cewa wasu manoma sun ga alheri, injinan gyaran shinkafa kuma sun yawaita a Arewa. Amma sai a tambaya: wa ya biya kuɗin? Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 13 cikin 100 a watan Agusta 2019 zuwa fiye da kashi 19 a watan Disamba 2020, ko da yake annobar korona ta ba da tata gudummawa. Mutumin Jibiya da Kaita da Mai'aduwa da Ɓaure ya wayi gari ba shi da inda zai sha mai a garinsu sai a hannun 'yan bumburutu. Hanyar Katsina zuwa Jibiya, wadda ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba, ta cika da shingaye, kuma jama'ar yankin da wakilansu sun sha kokawa a fili a kan abin da ake tatsa a wurin direbobi, wanda a ƙarshe mai sayen kwanon masara ke biya. Dangane da tsaro kuwa, a shekarun nan ne ɓarayin daji suka fi addabar Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, kuma a daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, dukkan iyakokin a rufe suke. Ashe an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya ƙara fito da al'amarin fili shi ne, a watan Nuwamba na 2020, ana tsaka da rufe iyaka, aka sami labarin cewa an ba wasu manyan kamfanoni, ciki har da kamfanonin siminti na Dangote da BUA, izni na musamman su fitar da kayansu ta waɗannan iyakoki. Ba mu ga laifin ɗan kasuwa don ya nemi sauƙi ba. Tambayarmu ga masu ba da iznin take: da wane ma'auni aka auna har tirela mai ɗauke da siminti ta wuce, amma mai buhun wake biyu a bayan babur ya zama mai laifi? Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗe mu, a lokacin da aka nemi a yi wa wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum alfarma, cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne barin mai daraja idan ya yi laifi, da tsayar da hukunci a kan mai rauni.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazoum a Nijar. ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Shugaba Bola Tinubu, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke dogara da ita, har aka fara kaɗa gangar yaƙi. A wannan karo Arewa ba ta yi shiru ba. Mumbarori sun girgiza, an yi alƙunutu, sanatocin Arewa sun ƙi amincewa da yaƙi, ayarin malamai ƙarƙashin jagorancin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya tafi Yamai a watan Agusta ya gana da Janar Tchiani. Wannan tsayuwa ce mai kyau, muna kuma fatan Allah Ya sanya ta a mizani. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. Amma ya ku 'yan'uwa, ina wannan murya take a 2019? Rufewar 2023 wata bakwai da 'yan kwanaki ta yi, ta Jibiya a karon farko kuwa ta haura wata talatin. Gaskiya ne cewa a 2023 akwai barazanar zubar da jini, wadda babu ita a 2019, sai dai yunwa da karyewar jari da yankewar zumunci duk iri ɗaya ne. Da yawa daga cikinmu mun yi gum a karon farko, wasu ma har da kawo hujjoji, saboda mai mulkin ɗan jiharmu ne, kuma muna jin kunyar a ce mun zama 'yan adawa. Wasu kuma da suka yi magana a lokacin, sun yi ne don jam'iyyarsu ce ta faɗi zaɓe. Wannan ita ce hizbiyyar da muke hana mutane a karatuttukanmu, ga ta ta shigo mana ta taga.

Allah (S.W.T.) Ya umurce mu a aya ta 135 ta Suratun Nisa'i da mu tsayu da adalci mu ba da shaida dominSa ko da a kan kawunanmu ne ko iyayenmu ko makusantanmu, Ya kuma ambaci mawadaci da matalauci a cikin ayar domin kada kwaɗayi ko tausayi su karkatar da mu. A aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuma Ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta ɗauke mu zuwa ga rashin adalci. Wanda zai yi wa'azi da waɗannan ayoyi ba ya da mudu biyu, ɗaya na zamanin nasa, ɗaya na zamanin wasu. Jihar Katsina ta ba Nijeriya zaɓaɓɓun shugabanni biyu, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa a PDP daga 2007 zuwa 2010, da Muhammadu Buhari a APC daga 2015 zuwa 2023. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta bayyana cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kashi 65 cikin 100 daga cikinsu a Arewa suke. Babu mai hankalin da zai ce mai ga-ruwan da ya zo daga Tasawa ko mai gadin da ya zo daga Tawa ne ya jawo wannan. Dukiyar ba ta ƙare a hannun baƙi ba, ta taru ne a hannun 'yan tsiraru daga cikinmu, abin da Alƙur'ani ya yi gargaɗi a kansa a aya ta 7 ta Suratul Hashri, cewa kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

Wannan salo na jefa wa baƙo laifi don neman kujera ba sabon abu ba ne. Malaman sira sun ruwaito cewa a dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ, wani Bamuhajire da wani Ba'ansare sun yi saɓani a bakin ruwa, kowa ya yi kiran mutanensa, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya kira wannan da kiran jahiliyya, ya siffanta shi da abu mai wari, ya yi umarni a bar shi. Amma Abdullahi ɗan Ubayyu, wanda mutanen Yasriba suka kusa naɗa wa sarauta kafin Hijira, sai ya ga dama ta samu. Ya zuga Ansaru da cewa su ne suka saukar da waɗannan baƙi suka raba dukiya da su, su daina ciyar da su za su watse, ya kuma yi alwashin korarsu idan an koma Madina. Allah Ya tona asirinsa a Suratul Munafiƙun. Damuwarsa ba ta talakan Madina ba ce, rawanin da ya kufce masa ne ke ci masa rai. Duk ɗan siyasar da ya hau mumbarin gangami ya nuna maka baƙo ya ce ga wanda ya cinye rabonka, to ka tuna wanda ya fara wannan magana.

Mu kuma tuna cewa duniya juyi-juyi ce. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi suna gudun ɓarayin daji, a daidai lokacin da gwamnatinmu ta rufe wa Nijar ƙofa. Ƙauyukan yankin Gidan Rumji, waɗanda su kansu ba su ƙoshi ba, suka saukar da su a gidajensu da rumfunansu kafin hukumomin agaji su iso, daga baya aka tsugunar da wasu a wurare kamar Garin Kaka da Cadakori. Waɗannan talakawa sun raya sunnar Ansaru, waɗanda Allah Ya yaba musu da fifita baƙonsu a kan kansu ko da suna cikin bukata. Da sun yi mana irin abin da muka yi a 1983 da 1985, ina matanmu da 'ya'yanmu za su nufa?

Idan muka ɗaga kai muka duba duniya, abin da muke yi wa maƙwabta shi ake yi mana a gaba. A Turai da Amurka jam'iyyu na cin zaɓe da tsoratar da jama'a a kan baƙi, musamman Musulmi da baƙar fata, alhali wasu ƙasashen suna sayar da iznin zama ga duk mai kuɗin da zai zuba jari. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu waɗanda talauci ya kora neman abinci, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2015, bisa matsin lambar Tarayyar Turai, Nijar ta kafa dokar hana jigilar baƙin haure ta Agadas, wadda aka soke a watan Nuwamba na 2023. Dokar ta sa direbobi suka riƙa kauce wa hanyoyin da aka sani masu rijiyoyi, suna bin waɗanda suka fi haɗari. Ɗan mai kuɗi ya hau jirgi da biza a aljihu, ɗan talaka ya hau bayan akori-kura da jarkar ruwa. Ba za mu iya zargin Turawa da wannan mu kuma aikata irinsa a Magama ba.

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Ba mu ce hukuma ba ta da haƙƙin tsare iyakarta ba. Shari'a ta san amana da alkawari tsakanin ƙasashe, ta san binciken mai shigowa, ta kuma ɗora wa shugaba kare rayuka da dukiyoyi. Wanda ke safarar bindigogi ko miyagun ƙwayoyi, ko yake kai wa ɓarayin daji mai da abinci, maci amanar al'umma ne ko ɗan ina ne, kuma wajibi ne a taimaka wa hukuma a kansa. Haka nan ba mu halatta wa ɗan kasuwa ƙarya a kan kayansa ko ba da cin hanci ko ɓoye abinci don ya yi tsada ba. Abin da muke cewa shi ne, a bambanta mai laifi da mai neman halaliya, kuma a auna kowace doka da abin da za ta haifar wa mafi rauni. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya rage wa fataken Nabaɗawa, waɗanda ba Musulmi ba ne, rabin abin da ake karɓa a kan alkama da mai, domin abinci ya yawaita a Madina. A shekarar fari da ake kira Amur Ramada kuma, da mutanen ƙauye suka kwararo Madina, bai rufe musu ƙofa ba, sai ya kafa musu tukwane, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da agaji, ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, wanda shi kansa ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ya lissafa tatsar fatake da 'yan kasuwa a cikin halayen mulkin zalunci da ya soka a Kitabul Farƙ. Ita kanta Katsina da baƙi ta ɗaukaka: Shehu Maghili daga arewacin Afirka ya zo, Malam Ɗan Masani asalin gidansu Barno ne, unguwar Gambarawa kuma tana tuna mana da Wangarawa.

A yau lamarin ya ƙara zama abin lura, domin tun ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. A lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta takardun tafiye-tafiye da zirga-zirgar 'yan waɗannan ƙasashe har sai an yanke wata shawara. Ma'ana, abin da a da yake haƙƙi ne rubutacce ya koma rataye a kan fahimtar juna tsakanin masu mulki, kuma ranar da suka saɓa, talakan iyaka ne zai fara ji a jikinsa. Don haka muke kira kamar haka.

Na farko, ga malamanmu da masu wa'azi: a tsare mumbari daga zama rumfar jam'iyya. Abin da muka kira zalunci a zamanin wani, mu kira shi zalunci a zamanin namu, cikin ladabi da hikima da nasiha ga shugabanni, ba da zagi ko tunzura jama'a ba.

Na biyu, ga mahukuntan ƙasashen biyu: kada a sake mai da rufe iyaka makamin horon talakawa saboda saɓanin shugabanni. Abinci da magani da marasa lafiya da masu ziyarar dangi su zama ba a taɓa su a kowane hali. A rage shingaye, a hukunta mai karɓar na goro, kuma idan za a yi sassauci a yi wa kowa, a bayyane.

Na uku, ga masu neman ƙuri'unmu, ko daga wace jam'iyya: mu tambaye su a gaban jama'a abin da suka faɗa a 2019 da abin da suka faɗa a 2023, da abin da suka tanadar wa Jibiya da sauran garuruwan iyaka na sana'ar da za ta raba matasa da fasa-ƙwauri. Wanda amsarsa ita ce taliya da atamfa ranar zaɓe, ya riga ya gaya mana darajarmu a wurinsa.

Na huɗu, ga mawadatanmu da kwamitocin zakka na rassanmu: matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin kashi takwas da Allah Ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma ayar ba ta tambayi katin ɗan ƙasa ba. A nemi 'yan gudun hijirar da ke kwana a kangaye da tashoshin mota na cikin Katsina, na Batsari ne ko na Madarumfa, a san adadinsu, a sa 'ya'yansu a Islamiyyunmu.

Na biyar, ga kowane ɗayanmu: ka biya ɗan ci-rani ladan aikinsa cikakke kuma a kan lokaci, kada ka danne masa don ka san ba shi da inda zai kai ƙara. Ka tsare harshenka daga gori da sunan ƙasa, ka kuma hana 'ya'yanka.

Muna roƙon Allah Ya haɗa zukatan Musulmi a kan gaskiya, Ya ba ƙasashenmu shugabanni masu tausayin na ƙasa da su, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, Ya ciyar da mu daga yunwa, Ya amintar da mu daga tsoro. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, muna neman gafarar Ubangijinmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.